Krita, Manhajar da Na Ɗaga Dutsen Dala da Ita

Aikina na cin abinci shi ne fosta, katin gayyatar biki, kalandar 'yan takara da bangon littafi, a wani ɗan shago da muke haya mu uku a wajen Zoo Road. Amma abin da ke hana ni barci da wuri daban ne, zanen mafarki nake yi, irin wanda za ka ga gida yana tafiya ko kogi yana gangarowa daga sama. A kan wannan aikin na gwada Krita, kuma a kansa zan yi mata hukunci: idan kana son ka ƙera burushinka da kanka, ban ga abin da ya kama ƙafarta ba a cikin manhajojin da ba a biyan ko sisi. Idan kuwa rubutun katin ɗaurin aure ne ya dame ka, ba gidanka ba ne, ka ƙara gaba.

Maganar kuɗi ce ta fara kai ni wajenta, ba zan ɓoye ba. Tun 2013 Photoshop ta koma tsarin biyan wata-wata, kuma da dala ake lissafin. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, kowa a sana'ar nan ya ji a jikinsa. Wasu sun koma wa wadda aka fasa, su je a zuba musu a laftof tare da duk wata cutar da ta biyo ta. Krita kuwa kyauta ce ta halal. Ka shiga shafinta ka sauke, babu rajista, babu lambar kati. 'Yan sa-kai na KDE, ƙungiyar masu ƙera manhajojin kyauta, ne suka faro ta, ta fara fita ga jama'a a 2005, yanzu kuma akwai gidauniya a ƙasar Holan da ke kula da ita. Wanda ya ga dama ya saye ta a shagon intanet na Steam ko na Microsoft don ya tallafa wa masu aikin, amma wadda aka saya da wadda aka sauke kyauta duk aiki ɗaya suke yi. Tana hawa Windows, Linux da Mac, har da manyan allunan Android.

Shi wannan salon na mafarki, wanda Turawa ke kira suriyalizim, ba jiya ya fara ba. A 1924 André Breton ya fitar da takardar manufofinsa a Faris, kuma yawancin mutane da agogunan nan na Salvador Dalí masu narkewa, na 1931, suka san shi. Ni wanda ya fi burge ni a cikin masu wannan salon Max Ernst ne. A 1925 ya ɗora takarda a kan tsohon katakon daɓen ɗaki ya goga fensir, sai zanen jikin katakon ya fito, shi kuma ya riƙa hango daji da tsuntsaye a ciki yana ƙarasa su. Ba daga kansa ya fara ba, daga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya fara. Burushin da mutum ya ƙera da kansa a kwamfuta wannan dabarar ce dai ta sake riga: ka ɗauko fatar wani abu na zahiri ka mayar da ita alƙalami.

Akwai masu sayar da tarin burushi a intanet, kuma na taɓa sayen wani ƙunshi daga wajen wani da ba sai na faɗi sunansa ba. Da na buɗe, sai ga dusar ƙanƙara, ganyen itatuwan ƙasashen sanyi, hayaƙin jirgin sama jannati, gashin kyarkeci. Kaya masu kyau, amma me zan yi da dusar ƙanƙara a Fagge? Duk abin da na zana da su sai ya fito kamar na wani yaro a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Wannan ita ce matsalar da yawancin zanen matasanmu ke fama da ita a Instagram: hannun na Kano ne, amma ƙurar da ke cikin hoton ba tamu ba ce.

Ga yadda na ƙera burushin da na fi amfani da shi. Akwai wani tsohon bangon ƙasa a lungunmu da damina ta cinye masa yaɓe, ya tsattsage, har ana ganin ciyawar da aka cuɗa ƙasar da ita da tubalin da ke ciki. Da hantsi na ɗauke shi da waya, lokacin da rana ke dukansa ta gefe, saboda a lokacin ne kowace tsaga ke da inuwarta. Da tsakar rana hoton shafe yake fitowa. Na shigar da shi Krita, na cire masa launi ya koma baƙi da fari, na ƙara masa kaifi har tsagogin suka yi baƙi ƙirin, sannan na bi gefunan da magogi mai laushi don kada burushin ya riƙa barin sawu mai kusurwa huɗu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: inda ya yi baƙi nan ne zai zuba launi, inda ya yi fari ba zai taɓa komai ba. Daga nan sai ka danna F5, ɗakin gyaran burushi ya buɗe, ka shiga wajen bakin burushi ka danna maɓallin hatimi, wato Stamp. Shi ke nan, bangon ya zama bakin alƙalami.

A nan ne aikin gaske yake farawa, kuma a nan ne Krita ta ci kuɗinta da ba ta karɓa ba. Idan ka bar shi haka, hoton bango ɗaya zai riƙa maimaituwa a jere, ido ya gane nan take. Sai ka shiga juyawa ka ce kowane sawu ya juya yadda ya ga dama. Ka shiga girma ka ɗaure shi da nauyin hannunka, in ka danna ya buɗe, in ka sassauta ya tsuke. Ka buɗa tazarar da ke tsakanin sawu da sawu, ka ɗan ƙara watsuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da layin lanƙwasa da za ka ja da kanka, ka ce daga wane nauyi zai fara amsawa, a ina zai tsaya. Ni hannuna yana da nauyi, na saba da biro a kan rasit, don haka na lanƙwasa layin yadda sai na danna sosai kafin ya kai ƙarshen girmansa. A gefen dama akwai ɗan fili na gwaji, kana canzawa kana shafawa kana gani, ba sai ka ɓata zanenka ba. Da ka gamsu ka ajiye saitin, har ka zana masa ɗan hoton da za ka riƙa gane shi da shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne saitin nan da ka ajiye, fayil mai ƙarewa da .kpp, a zahiri hoto ne na PNG da aka cusa bayanan burushin a cikinsa. Kana iya haɗa burushi da yawa tare da bakunansu a ƙunshi ɗaya ka tura wa aboki ta WhatsApp, ya shigar ya ci gaba da aiki. Mun yi haka da wata ƙanwata da ke karatun zane, ita ta turo min na saƙar tabarma da na ɓawon kuka, ni na tura mata na bango.

Injin burushi, wato abin da ke sarrafa yadda burushi ke aiki, ba ɗaya ba ne a Krita. Sun haura goma, kowanne da halinsa: akwai na yau da kullum, akwai mai cuɗa launi da wanda ya tarar a ƙasa, akwai mai feshi, mai gashi-gashi, mai lanƙwasa abin da aka riga aka zana, mai kwafo wani sashe zuwa wani. Da sigar 5.0 ta fito a Disambar 2021 aka ƙaro injin MyPaint, wata manhajar zane ta kyauta. Gaskiya uku ko huɗu kawai nake taɓawa, sauran na leƙa na fito. Su ma burushin da ke zuwa da manhajar ba na wasa ba ne, akwai hannun David Revoy, mai zanen nan ɗan Faransa, a cikinsu, kuma mai koyo zai iya shekara bai gama da su ba.

Burushin da na fi alfahari da shi cikin waɗanda na ƙera na gyaɗa ne. Krita tana karɓar bakin burushi mai hotuna da yawa a ciki, ta riƙa zaɓo ɗaya bayan ɗaya ba tsari. Na sayi gyaɗa mai ɓawo a bakin titi, na baza a kan farar takarda, na ɗauki hoton ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, wata doguwa, wata mai ciki biyu, wata ta fashe. Kowace na ba ta leyarta, wato shimfiɗar zane daban da ake ɗorawa a kan wata, na haɗa su a baki guda. Yanzu in na ja layi ɗaya sai gyaɗa ta zubo, babu biyu a jere masu kama da juna. Da shi na gina dalar gyaɗa, ba ta buhuna ba irin wadda iyayenmu ke ba da labari, ta ƙwayoyi tsura, tsininta yana warwarewa yana tashi sama yana zama taurari.

Babban zanen da na gwada manhajar da shi kuwa na Dala ne. Na tumɓuke dutsen daga mazauninsa na rataye shi a sama da rumfunan Kurmi, saiwoyi na reto a ƙarƙashinsa, matakalarsa ta sauko ta tsaya a iska ba ta taɓa ƙasa ba. Jikin dutsen gaba ɗaya da burushin bangon lungunmu na yi shi. Daga ƙasa, ruwan baba yana tasowa daga rijiyoyin marinar Ƙofar Mata yana hawa sama, shi ya zama sararin samaniya, adaidaita sahu rawaya suna iyo a ciki babu direba. Hazon da ya lulluɓe nesa kuma ƙurar hunturu ce ta gaske, na ɗauke ta a gilashin motar maƙwabcinmu da ta kwana biyu ba a wanke ba, na rage mata kauri sosai na shafa a leyar da ke sama.

Abin da ke sa irin wannan zane ya kama mutum ba baƙuntar abin ba ce kawai. Kowa zai iya manna dutse a sama. Sai in hasken da ke dukan dutsen daga gefe ɗaya yake da wanda ke dukan rumfunan, inuwarsa kuma ta faɗo a kan kasuwar inda ya kamata, sannan ido zai yarda da ƙaryar. Don haka inuwa nake yi a leya daban da haɗin da ke duhunta abin da ke ƙasa ba tare da ya shafe shi ba, haske kuma a wata leyar. Krita tana da waɗannan haɗe-haɗen har sun yi yawa, tana da abin rufe sashen leya ba tare da an goge ba, tana da madubi mai maimaita abin da ka zana a ɗaya gefen. Da madubin da kuma alƙalamin nan mai zana hannu da yawa a lokaci guda na fitar da dagi da zayyanar da na sa a ƙofar da ke tsaye ita kaɗai a kan dutsen. Wanda ya taɓa ƙoƙarin daidaita dagi da hannu zai san irin wahalar da aka rage masa.

Kawuna marini ne, ya tsufa a bakin rijiya, hannunsa har yau bai rabu da shuɗi ba. Na kai masa zanen a waya. Bai ce komai ba a kan dutsen da ke sama, ko a jikinsa. Sararin ya ƙura wa ido.

"Wannan ba baba ba ne, bula ce ta wanki," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ai shuɗi shuɗi ne."

"A wajenku. Je ka ɗauko rawanin can."

Na ɗauko, ya karkata shi a rana. Turkuɗi ne da ya sha bugu, sai ga wani ja-ja yana gudu a kansa, wani wajen kamar ƙarfe, wani wajen kusan baƙi. Ya ce baba ba ya tsayawa a launi ɗaya, kuma ko a rijiya kumfar da ke sama daban take da ruwan da ke ƙasa.

Wannan ya zame wa manhajar jarrabawar da ban shirya mata ba, ta kuma ci. Tun 2020 Krita tana iya riƙe haske da duhun da ke jikin bakin burushi, ta ɗora launin da ka zaɓa a kai, maimakon ta mayar da shi shafaffen tambari. Na ɗauki hoton rawanin daf da daf, na yi baki da shi ta wannan hanyar, na saka shi a injin cuɗa launi, na sa launin ya riƙa ɗan gocewa tsakanin shuɗi mai duhu da shunayya a kowane sawu. Da na ja, sai ga sararin yana da ninki da ƙyalli, kamar an buga shi a kan gungume. Na mayar wa Kawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, yanzu ka kusa." A bakinsa wannan babban yabo ne.

Sai maganar bugawa, inda zane da yawa ke mutuwa. Shuɗin da ke haskawa a fuskar kwamfuta ba lalle tawadar injin buga takarda ta iya fitar da shi ba. Krita tana aiki da CMYK, tsarin launin tawadar bugawa, kuma in ka danna Ctrl da Y za ta nuna maka kusan yadda launin zai koma a takarda tun kafin ka kashe kuɗi. Ni a RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, nake zanawa, in riƙa leƙawa lokaci-lokaci, in na ga shunayyar ta mutu in gyara. Takardar A3 a kan ɗigo 300 a kowane inci tana cin fiksel 3508 a 4961, da wannan girman nake farawa. Ainihin aikin ina ajiye shi a .kra da leyoyinsa, abin da zan kai wa masu bugawa kuma in fitar da shi a shafe, don ba kowane shago ne zai iya buɗe fayil ɗin Krita ba.

Kada wanda ya ruɗe ka cewa da maus za ka ji daɗin wannan aikin. Rabin abin da na lissafa a sama da nauyin hannu yake aiki, maus kuwa bai san nauyi ba. Allon zane da alƙalaminsa dole ne. Nawa ƙarami ne marar fuska, na hannu, a Farm Centre na same shi, kuma ya wadatar. Kwali zai ce maka matakan dannawa 8192, kada wannan ya ɗauke maka hankali, abin dubawa shi ne ka gwada shi a shagon, ka ja layi a hankali ka ga ko yana rawa, ka tambaya ko akwai ƙarin bakin alƙalami, don suna cinyewa. In layinka na rawa saboda hannunka ne, Krita tana da abin daidaita shi, kuma yana aiki sosai.

Laftof ɗina tsohuwa ce 'yar gwanjo mai ram 8. A kan A3, da leya ta yi yawa kuma na ɗauko babban burushi mai ƙaramar tazara, sai alƙalami ya riga layin isa, in tsaya ina jiran sa. Ba abin mamaki ba ne, kowane sawu hoto ne guda ake bugawa, ɗaruruwa a jan layi ɗaya. Maganinsa ka buɗa tazara, kada ka yi bakin burushi da hoto mai girman gaske, ka haɗe leyoyin da ka gama da su, ka kunna saurin nunawa da ke cikin saiti. Sannan ka rage mintunan da take ɗauka kafin ta ajiye aiki da kanta. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma batirin laftof ya gaji, wannan saitin ya fi kowane burushi muhimmanci.

Masu tahowa daga Photoshop su san abu biyu. Fayil ɗin burushinsu na .abr zai buɗe, amma bakunan kawai za su shigo, saitin juyawa da watsuwa sai an sake shi da hannu. Fayil ɗin aikin Photoshop na PSD ma tana buɗewa tana ajiyewa, sai dai abin da aka yi da dabarun da Photoshop kaɗai ke da su ba lalle ya iso yadda yake ba. Sannan Krita don masu zane aka gina ta. Tsara rubutu mai yawa, jera sunayen iyalan ango da na amarya, gyaran hoton fasfo guda hamsin kafin azahar, duk wannan a wata manhajar nake yi, ban kuma ga laifinta a nan ba. Maɓallan ma sun ɗan bambanta, yatsu za su yi ta zuwa inda suka saba na ɗan lokaci, amma ana iya canza su, har akwai tsarin da ya yi kama da na Photoshop a ciki.

Wani abokin aikina ya tambaye ni me ya sa babu mutum ko ɗaya a zanena. Ni dai ra'ayina ne, ba na zana fuska, kuma yawancin masu sayen aikina don su rataye a falo ko ofis sun fi sakewa da hakan. Wannan salon bai takura ni ba ko kaɗan. Garin nan cike yake da abin da za a sa shi ya yi abin da bai saba ba: zankwayen soro, ragowar badala, tulu, kwalla, takalman da aka jere a ƙofar masallaci, tarin atamfa a Kwari. Yanzu haka ina kan na Ƙofar Nasarawa, an buɗe ta sai teku a bayanta, kuma burushin da nake nema na kumfar ruwan ne. Na gwada kumfar sabulu ta fito da manyan ƙwayoyi, na gwada ta kunun kanwa ba ta fito ba sam. Ta saman shayin mai shayin bakin layinmu, in ya ɗaga kofi ya tsiyayo daga sama, ita ce ta fi kusa, sai dai tana mutuwa kafin waya ta gama saita kanta, don haka bidiyo zan ɗauka in ciro hoto ɗaya daga ciki.